Ziyarar Mai Wurno da Ƙauyukan Hausawa na Shuɗin Nilu: Tarihi, Hanya da Ladubban Baƙo

 

'Yan'uwa daga Kano da Sakkwato da Maraɗi sukan tambaye mu labarin Mai Wurno da ƙauyukanmu na bakin Kogin Dinder. Wani ya ji a gidansu cewa ƙanen kakansa ya tafi gabas bai dawo ba. Wani ɗalibin tarihi ne, yana so ya ga inda hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ta ƙare. Wani kuma buɗe ido kawai yake so. Saboda su muka tattara wannan bayani: inda wuraren suke, yadda aka yi suka kafu, abin da baƙo zai gani, da yadda ya kamata ya shigo.

Garin ziyara da baƙinsa

Kowane gari da ake girmamawa saboda addini yana karɓar baƙi iri biyu: wanda ibada ta kawo shi, da wanda ya zo ya gani. Kuma kowanne yana da ƙa'idar da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. A Tuba ta ƙasar Senegal, garin da Shaihu Ahmadu Bamba ya kafa a 1887, an hana taba da giya a cikin gari. A Amritsar ta ƙasar Indiya, babban birnin ziyara na mabiya addinin Sikh, duk wanda zai shiga harabar ɗakin ibadarsu sai ya cire takalmi, ya wanke ƙafa, ya rufe kai, ko wane addini yake bi, sannan suna ciyar da dubban baƙi kyauta a kullum. A Hubbaren Shehu da ke Sakkwato ma ba a shiga yadda ake shiga kasuwa.

Mai Wurno ya sha bamban da waɗannan ta fuska guda. Su can wurare ne da ake nufa. Shi kuwa zango ne na masu nufin Makka, waɗanda tafiya ta tsaya da su a bakin kogi har suka hayayyafa. Babu gini mai ƙubbar zinariya da za a nuna wa baƙo. Abin gani a nan mutanen ne da tarihinsu, don haka wanda ya zo dole ya san yadda ake kusantar mutane.

Inda wuraren suke

Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, yana tasowa daga Tafkin Tana a ƙasar Habasha, ya shigo Sudan ta kudu maso gabas, ya ratsa Damazin da Sinja da Sinnar da Wad Madani, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. Ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu ita ake kira Jazira. Daga Khartum zuwa Sinnar tafiyar kimanin kilomita 300 ce ta kudu.

Mai Wurno yana gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, a kan hanyar da ta nufi Sinja, hedkwatar jihar Sinnar. A tsallaken kogin akwai garin Shaikh Talha. Idan aka ƙara yin gabas sai a tarar da Kogin Dinder, bayansa kuma Kogin Rahad. Dukansu biyu daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, suna cika da damina, da rani su kafe sai gurbi-gurbi, kuma dukansu a cikin Shuɗin Nilu suke ƙarewa. Garin Dinder yana bakin kogin da ya ci sunansa, gabas da Sinja. A gaɓar waɗannan koguna uku ne ƙauyukan Hausawa da Fulani da Barebari suka jeru, suna noman dawa da riɗi da lambu, suna kamun kifi.

Daga Burmi zuwa bakin Nilu

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu, bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba. Ya ɗauki tuta ya nufi gabas da niyyar hijira zuwa ƙasa mai tsarki. Dama tun zamanin Shehu akwai maganar da jama'a ke riƙe da ita, cewa a ƙarshen al'amari za a yi ƙaura zuwa wajen Nilu. Saboda haka duk inda ya ratsa sai manoma da malamai da sarakuna su bar gidajensu su bi shi.

Turawa suka bi sawunsa har Burmi, kusa da Kogin Gongola, a cikin jihar Gombe ta yanzu. A karon farko, cikin watan Mayu, mutanen Burmi suka kore su. A karo na biyu, ranar 27 ga Yuli, 1903, aka yi mummunan yaƙi, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan jama'arsa, Allah ya jiƙansu. A ɓangaren Turawa kuma aka kashe kwamandansu, Manjo Marsh.

Waɗanda suka tsira sun ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗansa, Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da laƙabin Mai Wurno. Wurno dai shi ne garin ribaɗin nan na kusa da Sakkwato inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu yake. Cikin masu wannan hijira akwai Alfa Hashim, malamin Tijjaniyya, wanda shi ya zarce har Madina ya zauna a can. Mai Wurno da jama'arsa suka ratsa ƙasar Chadi, suka shigo Sudan, suka sauka a Shaikh Talha, inda Fulani suka riga suka kafa zama tun ƙarni na 19. Daga nan suka tsallaka kogi suka sari sabon gari wajen shekarar 1906, garin ya ci sunan jagoransa.

Ikon Allah, waɗanda suka baro Sakkwato saboda Turawan Ingila sai suka tarar da su a gabansu, domin tun bayan yaƙin Karari na 1898 Sudan ta koma hannun Ingila da Masar. Sai dai a nan hukuma tana bukatar manoma, saboda yaƙe-yaƙe da yunwa sun rage jama'ar ƙasar. Aka bar Mai Wurno ya zauna, aka san shi a matsayin shugaban jama'arsa. Ya rasu a shekarun 1940, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin, ana kiran mai riƙe da ita Sultan.

Hanyar hajji da waɗanda suka tsaya

Mutanen Attahiru ba su ne farkon waɗanda suka bi wannan hanya ba, kuma ba su ne na ƙarshe ba. Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya akwai sama da kilomita 3,000. Maniyyaci yakan bi ta Borno, ya shiga Chadi ta wuce Abeshe, ya faɗa Darfur ta Janaina da Al-Fashir, ya ratsa Kordofan ta Al-Ubayyid, ya tsallake Farin Nilu a Kosti, ya iso Jazira. Daga nan sai Gadarif da Kasala, sai Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A ƙafa ko a kan jaki, tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yakan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara na gaba.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. Wannan ya sa aiki ya samu, kuma mutanen yamma suka zama ƙashin bayan tsinkar auduga. Mai niyyar kwana biyu sai ya shekara, ya yi aure, ya haihu. Wani ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya. Wani ya rasu bai kai ba, ya bar wa 'ya'yansa niyyar. Da jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, hanyar ƙasa ta fara ja baya, amma ƙauyukan da ta haifa suna nan. Larabawan Sudan suna kiran mutanen yamma gaba ɗaya Fallata ko Takarir, ko da yake a yau kowa ya fi son a kira shi da sunan ƙabilarsa.

Masana sun yi rubutu a kan wannan al'umma. Mark Duffield ya fitar da littafi a kan rayuwar Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya fitar da nasa a 1995 a kan Hausawan da suka ɗauki kansu a matsayin maniyyata duk da daɗewarsu a Sudan, sannan Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya yi bincike mai zurfi a kan halin da Fulatanci da Hausa suke ciki a ƙasar.

Abin da baƙo zai gani

A Mai Wurno, kunne ne zai fara ba baƙo labari. Zai ji Fulatanci da Hausa da Larabcin Sudan a kasuwa ɗaya, wani lokaci a bakin mutum ɗaya. Hausarmu ta sha Larabci, amma Bakano da Bakatsine za su fahimce mu ba tare da tafinta ba. Zai ga gidan sarauta, da masallatai, da makarantun allo, waɗanda a nan ake kira khalwa. A wasu khalwowin har yanzu ana hura wutar karatu da dare, irin wadda tsangayun ƙasar Hausa suka sani. Mazhaba ɗaya ce, ta Imam Malik. A karatun Alƙur'ani kuwa zai iya jin ruwayar Duri, wadda ta yaɗu a Sudan, bayan Warshu da kakanni suka zo da ita da Hafsu da ta yawaita a yanzu.

A Sinnar akwai tarihi mai tsawo. Nan ne babban birnin daular Funj, wadda Amara Dunkas ya kafa a 1504, ta yi sama da shekara 300 kafin rundunar Isma'il Pasha ɗan Muhammad Ali ta Masar ta kawo ƙarshenta a 1821. A zamaninta ilimin addini ya bunƙasa, har ɗaliban Sinnar suna da masaukinsu na musamman a Azhar, kamar yadda ɗaliban Borno suke da nasu. Abin da ya rage na tsohon birnin kufai ne kaɗan a arewa da garin yanzu. A 2017 an zaɓi Sinnar a matsayin birnin al'adun Musulunci na yankin Larabawa. Madatsar ruwan kuma tsawonta ya kai kimanin kilomita 3, daga ita manyan magudanan Jazira suke tashi.

Wanda ya bi ta Wad Madani zai iya leƙawa Abu Haraz, a tsallaken kogi, inda ƙubbobin shehunan Arakiyyin suke, domin ya ga yadda tsarin masid yake, wato zaman shehi da masallaci da makaranta da masaukin baƙi a haraba guda.

Mai sha'awar halittun Allah kuma akwai gandun dajin Dinder, a kan iyakar Habasha, tafiyar sa'o'i da dama a mota daga garin Dinder. An keɓe shi a 1935, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, kuma a 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye muhallinsu. Akwai zaki da ɓauna da mugun dawa da gwaggon biri da jimina da barewa iri-iri. Da rani dabbobin sukan taru a fadamun da ake kira maya. Babban sansanin baƙi yana Galagu. Da rani kawai ake shiga, domin da damina baƙar laka takan rufe hanya, kuma ba a shiga sai da izinin hukumar kula da namun daji da rakiyar ma'aikacinta.

Ta wajen abinci, zai ci kisra da asida da miya, ya sha jabana, wato gahawa mai citta, da zoɓo da tsamiya da kuka. Zai kuma ga agashe a bakin titi. Tsirenmu ne na Hausa ya zama abincin Sudan baki ɗaya, sunan ma bai canja ba. Idan azumi ya riske shi a hanyar Khartum zuwa Wad Madani, kada ya tsorata in ya ga mutane sun tare titi gab da magariba. Mutanen ƙauyukan Jazira ne ke tsayar da matafiya don su sauko a yi buɗe-baki tare a kan tabarma.

Ladubban baƙo

Na farko, kuma mafi muhimmanci: kada ka ce mana 'yan Nijeriya, kada ka tambaye mu yaushe za mu koma gida. Mun san da ƙauna kake faɗa, amma kalmar tana da nauyi a nan. Mu 'yan Sudan ne, an haifi iyayenmu da kakanninmu a wannan ƙasa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaura sharaɗin cewa asalin mutum ya kasance a Sudan tun ƙarshen 1897, abin da ya jefa da yawa daga zuriyar mahajjata cikin wahalar samun takarda shekara da shekaru. A watan Yuli da Oktoba na 2022 an yi rikici tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu. Maganar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo tana cikin abin da ya hura wutar. Kai za ka faɗi kalma ka hau mota ka tafi, mu ne za mu kwana da ita.

Na biyu, a fara da gaisuwa. Baƙo ya nemi mai masauki, mai masauki ya kai shi wurin mai gari ko limami kafin ya fara zagaya. Mai neman dangi ya zo da cikakken sunan kakan, da garin da ya taso, da sana'arsa, da kimanin shekarar da ya fita. Dattawa sukan san wane gida ne na Katsinawa, wane ne na Haɗejawa. Matambayi ba ya ɓata, amma ya yi haƙuri, irin wannan bincike ba ya ƙarewa a wuni ɗaya.

Na uku, hoto sai da izini. Ba a ɗaukar mata, ba a ɗaukar almajirai don a watsa a Facebook ana neman tausayi da su, ba a ɗaukar 'yan gudun hijira. Gadoji da madatsun ruwa da wuraren sojoji kuwa hukuma ce ta hana ɗaukarsu, kuma saɓa wannan yana iya kai mutum ga tsarewa.

Na huɗu, idan an shiga maƙabarta a yi sallama, a yi wa mamata addu'a, a tuna da lahira, domin wannan ce manufar ziyarar kabari a sunna. Da yawa cikin waɗanda ke kwance a nan sun rasu ne da niyyar hajji a zuciyarsu. Malamai sun yi saɓani a kan ɗaura tafiya musamman saboda kabari, kuma baƙo zai tarar da 'yan ɗariƙa da Ansarus Sunna a gari guda. Gidan mai masauki ba wurin tayar da wannan muhawara ba ne.

Na biyar, a ci abin da aka kawo, a zauna inda aka nuna. Maza suna da ɗakin baƙi a waje, mata suna shiga cikin gida. Kada a miƙa kuɗin abinci, wannan cin fuska ne. A zo da tsaraba: goro, turare, hula, littafin addini. Wanda yake da hali ya taimaka wa khalwa ko asibitin gari ta hannun dattawa.

Lokaci, takardu da lafiya

Damina tana kamawa daga Yuni zuwa Oktoba, kuma a lokacin hanyoyin ƙauyuka sukan yanke. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Ranakun hutun mako Juma'a ne da Asabar.

Ɗan Nijeriya da ɗan Nijar suna bukatar biza, da katin rigakafin shawara, da rajista a wurin hukuma bayan isowa, da izinin zirga-zirga tsakanin jihohi. Katin banki na waje ba ya aiki, jama'a sun dogara ne da tsabar kuɗi da manhajar Bankak. A zo da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro. Kada a yi wanka a magudanan Jazira saboda tsargiya. A yankin Dinder da Gadarif akwai cutar kala'azar, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa da dare. A tafasa ruwan sha, domin an sha fama da kwalara a shekarun nan.

Halin tsaro

Ba za mu ɓoye wa ɗan'uwa gaskiya ba. Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. An rufe filin jirgin saman Khartum, Port Sudan ta zama babbar ƙofar shiga ƙasar. RSF ta kama Wad Madani a Disambar 2023, ta kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024, ta shiga Dinder a farkon Yuli. Sojoji sun ƙwato Dinder a Oktoba, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025. A tsakanin nan an kashe mutane, an wawashe gidaje da gonaki da asibitoci, jama'a da yawa suka gudu Gadarif da Kasala, kuma akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a wasu wurare.

Saboda haka kada kowa ya ɗaura niyya sai ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarsa, ya kuma sami tabbaci daga mutumin da yake zaune a garin da zai je. Tafiyar buɗe ido tana iya jira. Kada a gwada bin tsohuwar hanyar ƙasa ta Chadi da Darfur, domin can ne yaƙin ya fi muni. Kuma mai zuwa ya sani cewa gidan da zai sauke shi wataƙila bai daɗe da komowa daga gudun hijira ba. Za su yanka masa kazar da ta rage ba tare da sun nuna masa ba, don haka ya taƙaita kwana, ya yalwata tsaraba.

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Kakanninmu sun taka wannan hanya daga yamma zuwa gabas, kuma muna murna da duk wanda ya biyo sawunsu don ya gaishe mu. Wanda bai sami ikon zuwa yanzu ba ya sa mu a addu'a, ya tambayi dattawan gidansu sunan wanda ya tafi gabas, ya rubuta ya ajiye kafin masu sanin su ƙare.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da shahidan Burmi da duk mahajjatan da suka kwanta a hanya. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya sada mu da alheri.